Masu Motar Kansu a Tseren Turɓaya na Amurka

A ƙasar Amurka akwai wani tseren motoci wanda ba a cika jin labarinsa a wajenmu ba, domin ba a kan kwalta ake yinsa ba, kuma akasari a ƙananan garuruwan manoma ake yinsa, da daddare, a filin baje kolin amfanin gona. Motocin su suke kira sifirint, mu kuwa a hirarmu masu fiffike muke ce musu, saboda wani ƙaton faifan ƙarfe da ake ɗaura musu a ka. Mu da muke bin wannan wasa ba mu da yawa, kuma galibinmu direbobi ne da makanikai. Lokacin da suke tseren mu nan dare ya raba, saboda haka sai gari ya waye muke kallo a waya, sa'an nan a kafa gardama. Gardamar kuwa kullum guda ce: wane ne direban ƙwarai, wanda yake cin kofi da motar attajiri, ko kuwa wanda yake fafatawa da motar da idan ta lalace daga aljihunsa za a gyara?

Kafin mu shiga maganar mutane, bari mu gaya wa mai karatu irin motar. Kujera ɗaya gare ta, tayoyinta a waje suke, kuma nauyinta har da direba bai wuce kilo 650 da wani abu mai yawa ba. Amma injin da ke cikinta mai silinda 8 ne, girmansa lita 6.7, ƙarfinsa ya kai na doki 900. Ba fetur take sha ba, metanol ake zuba mata. Ba ta da sitata, ba ta da kuloci, ba ta da giya ɗaya, biyu, uku irin wadda muka sani. Sai an sa a-kori-kura ta turo ta daga baya kana ta tashi, idan kuma ta mutu a tsakiyar fage sai an sake turowa. Tayar baya ta dama ta fi ta hagu girma, da gangan aka yi haka, don motar ta riƙa karkata hagu da kanta, tunda fagen da'ira ne kuma hagu kaɗai ake juyawa. Shi kuwa fiffiken, ƙafa 5 ne tsawo ƙafa 5 faɗi, aikinsa shi ne iska ta danne motar a ƙasa. Direba yana iya matsar da shi gaba ko baya yana cikin gudu. Akwai masu yin tseren ba fiffike, amma manyan kuɗin suna wajen masu fiffike.

Fagen shi ne babban malami. Yumɓu ne ake jiƙawa da ruwa a daddaɓe tun da rana. Da farkon dare yana da danshi, taya tana kama shi sosai, mai ƙarfin inji shi ke gaba. Can dare ya yi nisa sai ƙasa ta bushe ta yi santsi kamar an shafa mata mai, turɓayar da tayoyi suka watsa kuma ta taru a gefen sama ta zama tudu. A nan ne ake gane direba. Wani zai bi ta sama ya jingina tayarsa da tudun, kusa da katanga, inda kuskuren taki ɗaya zai sa mota ta yi ta alkafura. Wani zai lallaɓa ta ƙasa yana neman ɗan sauran danshi, yana taka totur a hankali. Babu madubi, kuma babu wani makaniki da zai yi masa magana a kunne. Tseren ƙarshe na dare zagaye 30 ne ko 40, kafin shayi ya huce an gama. To da yake ƙasa tana iya rage wa babban inji amfani, shi ya sa ƙaramin mutum yake da ƙofa a wannan wasa fiye da sauran tseren motoci.

Babbar ƙungiyar wasan ita ce World of Outlaws, wadda Ted Johnson ya kafa a 1978. Sunan yana nufin waɗanda ba su bin dokar kowa. Asalinsa kuwa wasu direbobi ne da suka ƙi ɗaure kansu da wata ƙungiya, suna yawo da motarsu a bayan a-kori-kura, duk garin da suka ji an sa kuɗi mai tsoka sai su nufa. Johnson ya tattara su ya yi musu jadawali. Daga cikinsu Steve Kinser ya zama zakara sau 20, daga baya Donny Schatz ya ci sau 10, Brad Sweet kuma ya jera 5 daga 2019 zuwa 2023. Abin dariya a nan shi ne, da tafiya ta yi tafiya, sai 'yan ƙin bin doka suka zama su ne masu doka. Wanda ya sa hannu zai bi ayarinsu ana ba shi kuɗin hanya da rabo a ƙarshen shekara, amma fa dole ya halarci tserensu, dare 80 ko fiye a shekara, kuma an taƙaita masa zuwa na wasu. Saboda haka idan aka ce direba mai zaman kansa, abu biyu ake nufi: ko dai motar tasa ce ko ta gidansu, ko kuwa bai shiga ayarin kowa ba, yana zaɓen inda za shi.

Duk wanda ya taɓa aiki a tasha ya san bambancin direban mai gida da mai motar kansa. Na farko idan inji ya buga sai ya kai rahoto, na biyu kuwa sai ya kasa barci. A can ma haka abin yake, sai dai lissafin ya fi nauyi. Inji guda ya haura dala 50,000, kuma bayan 'yan darare sai an kwance shi an sabunta. Tayar baya ta dama wani lokaci dare ɗaya take yi. Ga tirela, ga man tafiya daga wannan jiha zuwa waccan, ga albashin yara. Direban haya kaso yake karɓa daga abin da ya ci, idan ya fasa mota asarar mai ita ce. Mai motar kansa kuwa, duk sa'ad da ya ga 'yar kafa tsakanin abokin karawa da katanga, sai ya auna ta da kuɗin da ke asusunsa kafin ya cusa kai. Wanda ya iya cin tsere da wannan nauyi a ka, mu a wurinmu ya fi.

Uban irin waɗannan mutane shi ne Bobby Allen na garin Hanover a jihar Fensilbaniya, wanda saboda rashin kula da ado suka laƙaba masa suna Scruffy, wato buzu-buzu. Da hannunsa yake ƙera motocinsa, kuma an san shi da bin ta ƙasa a hankali lokacin da kowa ya yi sama. A 1990 ya ci Knoxville Nationals, wanda shi ne tsere mafi daraja a wasan, an fara shi tun 1961, ana yinsa a watan Agusta a wani ƙaramin gari na jihar Ayowa. Ya ci shi ne a zamanin da Kinser da Sammy Swindell da Doug Wolfgang suka hana kowa sakat. Da tsufa ya zo sai ya ɗauki ɗansa Jacob Allen da jikansa Logan Schuchart, ya shiga ayarin Outlaws da su a 2014 da sunan Shark Racing, ba su da wani abin kirki sai tsofaffin kaya. Schuchart bai ci tseren Outlaws ba sai 2016. Shi kuwa Jacob sai da ya tsaya a layi fiye da sau 300 kafin ya ci na farko a 2020, a Dodge City. Sa'an nan a watan Yuli na 2023 filin Eldora da ke jihar Ohayo ya sa dala 1,002,023 ga wanda ya zo na ɗaya, kuɗin da ba a taɓa sawa ba a wannan wasa. Duk manyan ƙasar suka hallara, amma Schuchart ne ya tafi da su, a motar kakansa.

Idan aka tambaye mu wanda ya fi cika sunan mai zaman kansa a 'yan shekarun nan, Brent Marks za mu ce, mutumin Myerstown, shi ma a Fensilbaniya. Ya bi ayarin Outlaws da motar gidansu daga 2017 zuwa 2019, ya sha wuya, ko da yake a 2019 ɗin ya ci National Open na filin Williams Grove. Ya je ya tuƙa motar wasu a 2020, abin bai daɗe ba, ya komo kan tasa mai lamba 19M, ya daina bin ayari, ya koma zaɓen tsere. A 2022 ya je Eldora ya ci Historical Big One, dala 100,000, bayan kwana biyu kuma ya ci Kings Royal, dala 175,000, aka naɗa masa kambi aka zaunar da shi a karaga kamar yadda al'adar tseren take. A 2023 ya sake cin National Open. Abin da yake burge mu da shi, ba ya hayaniya kuma ba ya fasa mota a banza. Za ka gan shi na shida ko na bakwai har tsakiyar tsere, kamar ba shi da niyya, ashe tayarsa yake tattali. Ƙasa na bushewa sai ka ga ya fara tsinke su ɗaya bayan ɗaya.

Ba banza ba ne sunan Fensilbaniya yake ta dawowa. A tsakiyar jihar akwai filaye kusa da juna, Williams Grove wanda aka buɗe tun 1939, da Lincoln, da Port Royal, kowanne yana tsere duk mako kuma yana biya da kyau. Mutum zai iya yin sana'ar ya kwana a gidansa. Direbobin wurin ana kiransu Pennsylvania Posse, wato rundunar sa-kai da ke farautar masu laifi, kun ga sunan ya dace da abokan hamayyarsu. Duk lokacin da Outlaws suka zo, 'yan kallo rabuwa suke yi biyu, kuma sau da yawa 'yan gida ne ke kora baƙi, don sun san halin ƙasarsu. Lance Dewease, wanda ya fi kowa yawan nasara a tarihin Williams Grove, ya yi shekaru yana wannan aiki a mota mai lamba 69K ta Don Kreitz, makanikinsu kuwa a lokacin Davey Brown, dattijo ne da ya haura shekara 80 yana riƙe da sifana. A lokacin ba kowane mako suke fitowa ba, sai daren da kuɗi ya yi kuɗi. Makanikan cikinmu sun fi son labarin wannan dattijo a kan na kowane direba.

Daga wannan makaranta Anthony Macri ya fito, ɗan Dillsburg, mai lamba 39M. Shi kishiyar Marks ne a tuƙi, a saman tudu yake rayuwa, dab da katanga, musamman a Port Royal. A 2022 ya ci tsere sama da 20, ya fi kowa a ƙasar a wannan aji na inji. A tsakiyar 2023 ya bar motar gidansu ya tuƙa na wasu, kafin shekara ta ƙare ya komo. Aiki da dangi yana da daɗi, yana kuma da nasa ciwon, wanda ya taɓa tuƙa motar babansa ko ta wansa ya san haka. A 2025 ya ci Kings Royal.

A nan sai mu tsaya mu faɗi wata gaskiya, domin wasu abokan hirarmu suna ɗaukan mai zaman kansa tamkar talaka ne. Ba haka ba ne. Gidan su Macri suna da kamfanin aikin kankare, shi ya sa ma ake masa kirari da yaron kankare. Rico Abreu na Kalifoniya mahaifinsa sananne ne a harkar gonakin inabi. To amma kuɗin uba ba ya juya sitiyari. Abreu wada ne, tsawonsa bai kai mita ɗaya da rabi ba, sai da aka gyara masa mazauni da abin taka totur da birki kafin ya iya tuƙi, kuma mutane da yawa sun ɗauka abin wasa ne. Ya ci Chili Bowl, babban tseren ƙananan motoci na birnin Tulsa, a 2015 da 2016. Ya gwada tseren kwalta na NASCAR bai zauna ba, ya komo turɓaya ya riƙe ƙungiyarsa da kansa, shi ne direba shi ne mai neman masu talla, har ya zama zakaran High Limit a 2025. Wanda ya raina wannan don uban yana da hali, to bai san yawan 'ya'yan masu hali da suka shigo wasan suka fita ba a ji ɗuriyarsu ba.

Akwai kuma waɗanda zaman kai ya ba su suna amma ya hana su abin da suka fi so. Brian Brown na jihar Missouri, mai mota lamba 21, ya gina ƙungiyarsa da kansa, ya yi ta cin tseren mako a Knoxville, amma a babban tseren Agusta ya zo na biyu sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, kuma duk ukun Schatz ne a gabansa. Jason Johnson na Louisiana shi ya samu, ya kayar da Schatz ɗin a 2016 da motarsa mai lamba 41, bayan sun yi ta musayar gaba har ƙarshe. A watan Yuni na 2018 ya yi hatsari a filin Beaver Dam na jihar Wisconsin, ya rasu. Matarsa Bobbi ba ta sayar da kayan ba, ta ci gaba da riƙe ƙungiyar, kuma a 2019 David Gravel ya sake cin Knoxville Nationals da wannan lamba 41. A shekarar 2018 ɗin dai Greg Hodnett, ɗaya daga cikin manyan Posse, shi ma ya rasu a fage. Wasan nan yana cin rai, kuma mai motar kansa idan ya tafi, iyalinsa yake bar wa tirela da injuna da ma'aikata.

Sai maganar yara masu tasowa. A da sai mutum ya yi gemu kafin a ba shi irin wannan mota, yanzu kuwa tun suna firamare suke fara tsere da ƙananan motoci, kafin su kai 16 sun yi shekara goma a turɓaya. Gio Scelzi yana da shekara 16 ya ci tseren Outlaws a Williams Grove a 2018. Buddy Kofoid, ɗan Kalifoniya, ya zama zakaran ƙananan motoci na ƙungiyar USAC a 2021 da 2022, ya shiga ayarin Outlaws a 2024 da motar Roth, nan da nan ya zama cikin waɗanda ake tsoro. Amma wanda ya fi sa mu riƙe baki shi ne Corey Day na garin Clovis, wanda aka haifa a 2005. Jason Meyers, zakaran Outlaws na 2010 da 2011, shi ya ba shi mota. A 2023 ya zama zakaran jerin tseren King of the West na Kalifoniya, ya kuma ci Gold Cup a garin Chico a gaban 'yan Outlaws, bai cika 18 ba. Yaron yana shiga kwana kamar bai san akwai birki ba, amma motar ba ta kufce masa. To me ya biyo baya? A farkon 2025 kamfanin Hendrick Motorsports na NASCAR ya ɗauke shi don ya koya masa tseren kwalta. Haka abin yake tun zamanin Jeff Gordon da Tony Stewart da Kasey Kahne da Kyle Larson, turɓaya ta raina, kwalta ta ɗauke. Ba mu ga laifin yaron ba, kuɗin can ya fi. Sai dai Larson ya nuna ana iya riƙe biyun, tunda yana NASCAR ya ci Knoxville Nationals a 2021 da 2023 da 2024, a motar makaniki Paul Silva, wadda ita ma ba ta bin ayarin kowa.

Saboda haka idan za mu zaɓi ɗaya cikin matasa, Ryan Timms muka ɗauka, ɗan birnin Oklahoma. Ya fara da motar babansa mai lamba 5T, ya yi ta yawo yana karo da manya tun bai isa a ba shi lasin tuƙi a titi ba, wani dare ya burge, wani dare ya fasa. Daga baya ya koma motar Shane Liebig, wani mai ƙaramar ƙungiya daga jihar Dakota ta Kudu. A 2025, maimakon su bi ayari, sai suka riƙa zuwa Knoxville duk mako, yaron yana karatun baƙar ƙasar wurin, yadda take da danshi da yadda take idan ta bushe. Da Agusta ta zo, motoci fiye da 100 suka yi rajista, ga 'yan Outlaws, ga 'yan High Limit, ga Larson. Timms ya tashi a layin gaba, ya ja zagaye 50 ɗin nan tun daga na farko har na ƙarshe ba wanda ya wuce shi, yana da shekara 18. Wasu cikinmu sun ce tseren bai yi daɗin kallo ba tunda ba a yi musayar gaba ba. Mu kuwa muka ce a sake kallo, a duba yadda yake ratsa motocin da ya zagayo ya tarar a baya, domin a nan ne yaro yakan rikice.

Abin da ke damunmu shi ne ko wannan ƙofa za ta ci gaba da zama a buɗe. Larson da Sweet sun kafa High Limit, suka sayi tsohuwar ƙungiyar All Star daga hannun Tony Stewart a ƙarshen 2023, suka mai da tasu ayarin ƙasa baki ɗaya a 2024. Ayari ya zama biyu ke nan, kowanne yana zawarcin direbobi da alkawarin kuɗi tabbatacce. Wannan alheri ne ga masu motoci, ba mu musa ba, wanda ya san zafin biyan albashi ba zai ƙi kuɗin da ya tabbata ba. Amma duk wanda ya karɓa ya sa hannu, wanda ya sa hannu kuma ya bar zaɓen inda za shi. Marks ya shiga High Limit a 2024. Abreu ma ya shiga a shekarar, kuma a 2025 aka sanar zai haɗe da ƙungiyar Tony Stewart, wadda ta rabu da Schatz a watan Agusta na shekarar bayan sun yi tare tun 2008.